Filin 'Yan Alli: Saƙonni Daga Salaga, Yendi Da Bawku

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na tsofaffin ɗaliban kwalejin horon malamai ta E.P. da ke Bimbilla, tare da maƙwabtanmu na kwalejin Gbewaa ta Pusiga, da 'yan tsirarun Bagabaga ta Tamale da suka ce su ma kada a manta da su tunda ƙurar alli ɗaya muke shaƙa. Wannan karo saƙonni sun taru da yawa, wasu a takarda ta hannun direbobin motocin kasuwa, mafi yawa kuwa ta waya, har ya zamana dole sai mun tace. Wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri, don wurin da edita ya ware wa ɓangaren Hausa ba yawa, kuma ba mu kaɗai ne a cikinsa ba.

Ga sababbin masu karatu, muna tunatarwa cewa ba ma buga sunan kowa a nan. Tun da rikicin Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021 'yan uwanmu na can suka roƙa a daina, domin a garin da ake tambayar sunan mutum kafin a san ko za a amsa gaisuwarsa, ba ƙaramin abu ba ne a rubuta cewa wane yana koyarwa a wuri kaza. Muka ga bai kyautu a ɓoye na wasu a bayyana na wasu ba, sai muka bar sunaye gaba ɗaya. Kowa za mu kira shi da aikin da ya riƙe a kwaleji. Wanda ya sani ya sani.

Za mu fara da ta'aziyya kamar yadda aka saba. Allah ya yi wa mai kaɗa ƙararrawa na shekararmu rasuwa bayan gajeriyar jinya, an kuma yi jana'izarsa a Salaga. Wannan bawan Allah shi ne ya hana mu barcin asuba shekara biyu cur, amma ba wanda ya taɓa riƙe shi a zuciya, don shi kansa yakan riga kowa tashi cikin sanyin hunturu. Tun da muka fito bai taɓa koyarwa a cikin gari ba. Daga wannan ƙauye sai wancan a kan hanyar Makango, kusan shekara 20. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babbar tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Akwai wani abu da ya fito a wajen wannan rasuwa wanda ya kamata kowa ya ji. Da 'yan uwan suka je neman haƙƙinsa na fansho, sai aka tarar sunan da ya rubuta a takardar magada ta SSNIT sunan mahaifinsa ne kaɗai, wanda shi kuma ya daɗe da rasuwa. Ya cika takardar ne yana saurayi, a shekarar da aka fara tura shi aiki, bai sake komawa kanta ba. Wannan ba laifin ofis ba ne, ofis abin da aka rubuta masa shi yake bi. Yanzu ga mai takaba sai an bi da ita ta doguwar hanya kafin kuɗin ya fito. Jama'a, da yawanmu haka muka yi a lokacin, wa yake tunanin mata da 'ya'ya yana ɗan shekara 24? To kowa ya je ofishin SSNIT mafi kusa da shi ya duba abin da ya rubuta, ya gyara, haka ma a asusun malamai na GNAT ga waɗanda ke zubi. Aikin yini ɗaya ne.

Sai labarai masu daɗi. Mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallonmu ya zama hedimasta a wata ƙaramar sakandare ta wajen Yendi. Muna fatan zai tsare rajista fiye da yadda ya tsare raga. 'Yar uwarmu da ta shugabanci ɗakin kwanan mata ta kammala digiri na biyu a jami'ar ilmi ta Winneba, karatun da ta yi a lokutan hutu tana goyo. Limamin ɗalibai Musulmi na zamaninmu ya sauke farali, yanzu sai a ce Alhaji. An kuma haifa wa sakatarenmu tagwaye, saboda haka in an ga takardun taro sun makara a san dalili. Allah ya sa albarka. Malaminmu na lissafi, wanda ya yi ritaya tun da jimawa yana noman doya a ƙasar Nanumba, ya aiko a gaishe da kowa, ya ce har yanzu bai ga wanda ya dawo masa da kamfas ɗinsa na allo ba.

Daga Salaga, maganar da ta fi yawa a saƙonni ita ce ta ƙarancin malamai a ƙauyukan tsallaken ruwa. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka wasa ne. Akwai makarantun da in damina ta yi nisa, kogin Daka ya cika, malami ba ya isa sai da kwalekwale, babur ɗinsa ma sai an ɗora shi a ciki. Wani ɗan uwanmu ya rubuto cewa shi da malami ɗaya ke riƙe da aji shida, watau in ya ba 'yan aji huɗu aiki a allo sai ya ruga wajen 'yan aji biyar, kafin ya dawo 'yan aji huɗun sun koma kokawa. Ana turo sababbin malamai, ba a ce ba a turowa ba, amma yaron da ya tashi a Kumasi ko Ho, ya zo ya tarar ba wuta, ba ruwan famfo, waya ma sai ya hau tudu kafin ta kama, ga shi ba ya jin Gonjanci balle yaren Konkomba, da wuya ya wuce shekara ɗaya bai fara neman canji ba. Mu ba ma ganin laifinsa sosai.

A zamaninmu majalisun gundumomi kan ɗauki nauyin wasu 'yan asalin wurin su tura su kwaleji, bisa sharaɗin in sun gama su dawo su koyar a gida na wasu shekaru. Tsarin yana da nasa matsaloli, ba kowa ke cika alkawari ba, amma yawancin waɗanda suka daure a tsallaken ruwa har yau irin waɗannan ne. A ganinmu nan ne ya kamata 'yan majalisar gunduma da sarakunan Zango da masu hali su sa ƙarfinsu: a nemi yaron ƙauyen da ya ci jarrabawar babbar sakandare, a kai shi Bimbilla ko Tamale, a dawo da shi. Ɗan gida ba ya tsoron kwalekwalen gidansu.

Har ila yau mutanen Salaga suna ta ba'a da sabon yankinsu. Tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018, aka cire Salaga daga Yankin Arewa aka sa ta cikin Yankin Savannah wanda aka kafa a 2019, hedikwata a Damongo. To malamin da takardarsa ta kai shi ofishin yanki, sai ya bi mota kusan kilomita 120 zuwa Tamale, watau ya fita daga yankinsa, sa'an nan ya sake shiga wata ya yi kusan wannan nisa zuwa Damongo. Da can a Tamale zai tsaya. Gaskiya ne yawancin al'amuran malami a ofishin gunduma suke ƙarewa, don haka ba kullum ake wannan tafiya ba, amma wanda ta kama shi ya san kuɗin mota.

Yanzu bari mu zo ga maganar da ta fi damun mu, watau Bawku.

Ba aikin wannan fili ba ne ya shiga maganar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi. Rigima ce da ta girmi dukkanmu, tun ƙarshen shekarun 1950 ake yin ta, ta je kotu, ta tashi a 2000 da 2001, ta sake tashi a 2007 da 2008, sa'an nan ta dawo a Nuwamba 2021 da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. A cikin zumuncinmu akwai 'yan kowane ɓangare, akwai kuma 'yan Zango da Busanga da Mosi da ba su da ɓangare sai dai wuta in ta tashi ba ta tambaya. Daki ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci wake da gari. Abin da ya shafe mu shi ne makaranta da malami da yaro.

Ku duba yadda abin yake taɓa aikin koyarwa. Da aka sa dokar hana fita, hukumar tsaro ta yankin kuma ta hana maza hawa babur a cikin Bawku don ana amfani da shi wajen kai hari, wanda ya fi shan wuya bayan ɗan kasuwa shi ne malami, saboda malamin arewa ba shi da abin hawa sai babur. Yana kwana a gari, makarantarsa tana bayan gari da nisan kilomita goma ko fiye. Wasu suka koma keke, wasu suka riƙa takawa, wasu matansu ne ke goya su zuwa bakin gari. Sa'an nan garin ya rabu unguwa-unguwa, ta yadda malami zai iya ganin rufin makarantarsa daga ƙofar gidansa amma ba shi da ikon ƙetarawa, don tana wancan gefen. Yaro ma haka. An samu makarantun da suka cika maƙil a wani gefe, wasu kuma a ɗaya gefen sai awaki ke kwana a aji. Malamai da ma'aikatan asibiti da dama sun nemi canjin wurin aiki, kuma ba wanda zai ce wa mai iyali kada ya nema. Daga Oktoba 2024 abin ya ƙara muni, har hanyar Bolgatanga zuwa Tamale ta wajen Walewale ta zama abin tsoro ga matafiya. A Yuli 2025 kuwa aka harbe ɗalibi a cikin harabar babbar sakandaren Bawku, aka rufe makarantar ana gab da jarrabawar fita. Wannan shi ne abin da muka daɗe muna tsoro, watau a ce bindiga ta ƙetare katangar makaranta.

Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na II, ya zauna da ɓangarorin a fadarsa ta Manhyia a cikin 2025 don neman sulhu. Muna addu'ar Allah ya sa abin ya ɗore. Amma ko yau aka ajiye makamai, yaron da yake aji huɗu a 2021 ya riga ya yi asarar da ba a biyan ta da sa hannu a takarda. 'Yar uwarmu mai kula da ɗakin karatu a zamaninmu, wadda har yanzu take koyarwa a can, ta rubuto cewa tana da 'yan ƙaramar sakandare da ba sa iya karanta littafin aji uku, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, sai don a shekarun da ake koyon karatu sun fi zama a gida fiye da aji. Ta ce in an buga ƙofa da ƙarfi sai ka ga yara sun faɗa ƙarƙashin benci.

Mu 'yan Bimbilla ba baƙin wannan abu ba ne. Yawancinmu muna ƙaramar sakandare a Fabrairu 1994 lokacin da yaƙi ya tashi daga kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, ya bazu har Yendi da Salaga, aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka, aka kafa dokar ta ɓaci. Sai a 1996 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kumasi. A cikinmu akwai waɗanda suka rasa shekara guda ta karatu, akwai waɗanda suka ƙarasa a Yeji ko Kumasi a gidan wani da ba dangin iya ba na baba, don kawai ya ji tausayi ya buɗe ƙofa. Ba don irin waɗannan mutane ba da yau wasunmu ba su riƙe alli ba.

Wannan ne ya kawo mu ga gardamar da ke gaban zumuncinmu. Kowa ya san muna da ɗan asusu da muke zubawa wata-wata, kuma tun da aka kafa shi an yi shi ne don mutuwa da jinya mai tsanani. Yanzu wasu sun kawo shawara cewa a ɗebi wani abu daga ciki a taimaka wa 'yan uwanmu na Bawku, musamman wajen fitar da 'ya'yansu masu shirin jarrabawa zuwa makarantun Yendi ko Salaga ko Tamale. Wasu kuma, cikinsu har da ma'ajinmu, sun ce a'a. Hujjarsu ita ce asusun ƙarami ne, rasuwa biyu a jere za ta iya share shi, ga marayu huɗu da muka ambata a sama suna jira, kuma in aka buɗe wannan ƙofa gobe wani zai zo da ambaliya, jibi wani da gobara. Sun kuma ce, kuma wannan magana ce mai nauyi, in aka ba ɗan wannan ɓangare ba a ba ɗan wancan ba, to mun shigo da rigimar Bawku cikin zumuncinmu da hannunmu.

Mun saurari kowa, kuma ma'aji ba marowaci ba ne, aikinsa ke nan ya ƙi. A ra'ayin wannan fili dai, kada a taɓa asusun mutuwa, a bar shi yadda aka kafa shi. Amma abin da 'yan Bawku suka fi bukata ba kuɗi ba ne, masauki ne. Yaron da zai zo karatu Yendi yana bukatar tabarma da kwanon tuwo da babban da zai tambaye shi ina aikin gida. Wannan kuwa kowannenmu yana da shi. In kowane malami mai ɗaki a Salaga ko Yendi ko Bimbilla ya karɓi yaro ɗaya na shekara ɗaya, uban yaron ya riƙa aiko da abin da ya samu na hatsi ko albasa, an gama magana ba tare da an buɗe akwatin ma'aji ba. Kuɗin mota da na rajistar canjin makaranta kuwa, a yi karo-karo dabam, wanda ya ga dama ya sa. Sharaɗi ɗaya ne: mai karɓa ba zai zaɓi ɗan wa zai karɓa ba. Sakatare zai jera sunaye bisa wanda ya riga nema, a raba bi da bi. Wanda zuciyarsa ba za ta iya wannan ba, ya ba da nasa a karo-karo, ba wanda zai zarge shi.

Abu ɗaya da hedimastocinmu suka ja kunne a kai: a yi canjin da wuri. Ana rajistar jarrabawar BECE ne ta hannun makaranta, da makin da yaro ya tara a aji, saboda haka yaron da aka kawo bayan an rufe rajista dole ya koma inda sunansa yake ya rubuta. Wanda ya fi dacewa a fitar shi ne ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya zo da takardar shaidar makinsa daga tsohuwar makarantarsa.

Mutanen Yendi ba su aiko da ƙorafi da yawa ba, wanda shi kansa labari ne. Waɗanda suka yi shekarar gwajin koyarwa a ƙauyukan Dagbon a 2003 za su tuna yadda garin yake bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na II a Maris 2002, dokar hana fita da sojoji a kowace kwana. Shekara 17 aka yi kafin a naɗa Ya-Na Abukari na II a Janairu 2019, bayan doguwar wahalar kwamitin manyan sarakuna uku, watau Sarkin Asante da Nayiri da Yagbonwura. Yau ana bikin Damba a Yendi, kuma garin yana da tasa kwalejin ilmi ta St. Vincent. 'Yan uwanmu na can sun ce su ne za su fara karɓar yaran Bawku, don sun san ɗanɗanon abin.

Wani ɗan uwa ya tambaya, shin ya tura ɗansa kwaleji ko kuwa? Ya ce yaron yana so, shi ne yake ɗari-ɗari. To bari mu gaya masa yadda abubuwa suka canja, don kwalejin da muka sani ba ita ce ta yanzu ba. Mishan ta E.P. ta buɗe ta Bimbilla a 1962, shekarar da aka jefa wa Kwame Nkrumah bom a Kulungugu kusa da Bawku. Bagabaga ta riga ta tun 1944, ta Pusiga kuma tun farkon shekarun 1950. A wancan zamani malami shi ne ɗan boko na gari, shi ya sa da aka kafa jam'iyyar mutanen arewa a 1954 manyanta irin su S. D. Dombo da Tolon Naa Yakubu Tali daga aji suka fito. Mu mun shiga muka yi shekara uku, biyu a kwaleji ɗaya a ƙauye, muka fito da satifiket na 'A', ana ba mu alawus da tsohon sidi mai sifiri da yawa kafin a canja kuɗi a 2007. Ranar da ka gama, takardar turawa aiki tana jiran ka. Daga 2004 aka koma difloma, a 2012 doka ta mai da kwalejojin manyan makarantu, daga 2018 kuwa digiri ake yi na shekara huɗu. An soke alawus a zamanin gwamnatin Mahama ta farko aka ce a ci bashin ɗalibai, gwamnatin Akufo-Addo ta dawo da shi a 2017. A 2018 kuma aka fara jarrabawar lasisin koyarwa, wadda ta kayar da mutane ba kaɗan ba: a wata da aka yi wa masu maimaitawa a 2023, fiye da 6,000 ne suka faɗi daga cikin kusan 7,700. Bayan wannan ga bautar ƙasa ta shekara guda, ga jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki. Malaman kwalejojin su ma sun yi yajin aiki na kusan wata biyu a 2024, ɗalibai suka zauna ba karatu.

Duk da haka mu dai cewa muka yi a bar yaron ya je, in har shi yake so ba don ya rasa wani wuri ba. Zai fito da digirin da mu sai da muka yi shekaru muna bin Cape Coast da Winneba a lokacin hutu kafin mu samu. Amma a gaya masa gaskiya tun yanzu cewa aikin ba ya zuwa ranar da aka gama, kuma inda ake bukatarsa tsallaken ruwa ne, ba Tamale ba. In ya ji wannan bai ja da baya ba, to malami ne.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. A Oktoba 2025 ministan ilmi, Haruna Iddrisu, ya ba da umarni a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Ba sabon abu ba ne; an yi haka a da, aka koma Turanci zalla a 2002, aka sake dawowa da harshen gida a ƙananan azuzuwa wajen 2009. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ya san yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi. Tambayarmu ita ce, harshen uwar wa? A cikin harsunan da gwamnati ta daɗe tana buga littattafan makaranta da su akwai Dagbanci da Gonjanci da Dagare da Kasem, amma babu Hausa. To ɗan Zangon Salaga wanda da Hausa aka yi masa tawai, ko ajin Bawku da ke da ɗan Kusasi da ɗan Mamprusi da ɗan Busanga da ɗan Mosi, waɗanda in sun fita tara da Hausa suke faɗa da shiri, da wane harshe za a koya musu? Abin da ke faruwa kowa ya sani: malami ya rubuta Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, in sufeto ya shigo ya koma Turanci.

Ana cewa Hausa ba harshen Gana ba ne, baƙo ne. Baƙon da ya riga ƙasar kanta samun suna! Tun zamanin fataucin goro ake rubutu da ajami a Salaga. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya iso Salaga a 1892, shekarar yaƙin basasar da ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi ya yi ta koyarwa da rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934. Ba muna neman a ture Gonjanci a Salaga ko Dagbanci a Yendi ba ne, harsunan masu ƙasa ne kuma 'ya'yanmu su koye su. Muna cewa ne a makarantun Zango, musamman na Turanci da Larabci da ke ƙarƙashin sashen ilmin Musulunci da aka kafa a 1987, a yarda malami ya yi a fili abin da yake yi a ɓoye, a kuma ba shi littafi. Littattafan firamare na Hausa suna nan jibge a Kano da Zariya da Yamai, sai dai a gyara su su dace da bakinmu na nan, don yaron Salaga in ka ce masa makaranta allo zai ɗauko, ta boko sukuru ya san ta. Muna roƙon 'yan uwa masu koyarwa a ƙananan azuzuwa su rubuto mana yadda suke yi a ajinsu, za mu tara mu buga, sa'an nan mu ga ko za a kai wa wakilanmu na GNAT.

Taronmu na gaba a Bimbilla za a yi, a hutun ƙarshen zango, sakatare zai sanar da rana ta waya. A nan za a yanke maganar asusu da ta masaukin yara, don haka wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da ra'ayinsa a rubuce. 'Yan Bawku da Pusiga kada su tilasta wa kansu tafiya in hanya ba ta yi kyau ba, za a karanta saƙonsu a gaban kowa kuma za a ƙirga shi kamar suna nan. Masu bin bashin kuɗin wata su zo da shi. Wanda kuma yake da hoton ajinmu na shekarar ƙarshe, wanda aka ɗauka a gaban ɗakin cin abinci, ya taimaka ya zo da shi, iyalan marigayi sun ce ba su da hotonsa na samartaka ko ɗaya.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.